Falsafa da tarihi a karatun likitanci: buƙata ce ko ƙarin kaya?

Abba (aji 4): Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma da ɗan haushi nake yin ta. Yau wani malaminmu ya ajiye darasi ya ɗauki rabin awa yana ce mana wai ya kamata a ƙara wa ɗaliban likitanci falsafa da tarihi da adabi, har da karatun gajerun labarai. Mu da shekara shida ba ta isar mu, yajin aiki kuma ya ƙara mana a kai. Mun tsallake anatomi da fisiyoloji da ƙyar, yanzu fatoloji da famakoloji sun hana mu barci. Kuma ai mun yi falsafar a GST, darussan gama-gari da jami'a ke ɗora wa kowane ɗalibi, mun haddace, mun zuba a takarda, mun manta. Me za ta ƙara wa wanda zai tsaya gaban mai ciwon suga?

Zainabu (aji 5): Wa'alaikumus salam. Abba, jira ka shigo wajen mata masu ciki tukuna, sai ka dawo ka sake tambayar.

Likitan Tiyata: Abba, ina bayanka. Ba na gaba da kowane ilimi, amma a duba halin da muke ciki. Ranar ganin marasa lafiya layi har waje, abokan aikinmu kullum sai ka ji wani ya tafi Saudiyya ko Ingila, waɗanda suka rage suna kwana a tsaye. Yaron da zan miƙa wa majinyaci da tsakar dare so nake ya iya sa allurar ƙarin ruwa a jijiyar jaririn da ya bushe, ya gane cikin da ke buƙatar wuƙa. In ya iya wannan, ya karanta Aflatun a gidansu. Duk awar da aka ba falsafa daga wani darasi aka ciro ta, a faɗa mini wanne za a rage.

Inna Ungozoma: Abba ɗana, bari in ba ka labari guda, kai ka yanke hukunci da kanka. Shekarun baya ina aiki wani ƙaramin asibiti, anka kawo muna yarinya cikin dare, ta kai shekara ashirin, haihuwa ta hwari. Tun shekaranjiya take naƙuda gida, ba ta yi kuka ba, ba ta hwaɗa ma kowa ba, don kunyar ɗan hwari. Kun san halinmu. Likitan dare yaro na, sabon hitowa, kuma wallahi kansa na ja, yana taɓa ta yag gane matsala, yac ce sai tiyata. Mijinta ya tahi ci-rani Ikko, waya ba ta shiga. Surukinta yac ce shi ba ya sa hannu ga matar wani, ko da ɗansa na. Uwatta na gehe tana kuka, tac ce ita mace ta, ba ta da ta cewa. Likita yat tsaya da takarda ga hannu yana jiran namijin da za ya sa hannu. Duk cikinmu ba wanda yat tambayi mai cikin, alhali idonta biyu, tana jin komi. Daga baya nid duƙa nic ce, ɗiyata, kin ji abin da likita yac ce, kin yarda? Tac ce ta yarda. Anka dangwala yatsanta anka shiga da ita. Ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. To Dakta, yaron nan ya san jijiya, ya san wuƙa. Mi ar rage mashi daren nan?

Likitan Tiyata: Inna, wannan ai rashin sanin doka ne. Takarda guda ta isa ta gyara shi.

Likitan Yara: Dokar ma ya sani, Dakta, na rantse an faɗa masa a aji. Baligar mace mai hankali ita ke da hakkin yarda ko ƙi a jikinta, ba a buƙatar sa hannun miji. Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakkin baligi kan jikinsa tun 2001 a shari'ar Dakta Okonkwo, inda wata mabiyar Shaidun Jehoba ta ƙi ƙarin jini. A 2019 kuma, a shari'ar Esabunor, kotun ta ce iyaye ba su da ikon hana yaro ƙarin jinin da zai ceci ransa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa. Duk wannan ana iya haddace shi a dare ɗaya. Abin da ba a haddacewa shi ne yadda yaro ɗan shekara ashirin da biyar zai tsaya gaban dattijo mai furfura, a garin da ba a musu da dattijo, ya san dalilin da ya sa maganar yarinyar ce gaba, ya kuma iya faɗin haka ba tare da ya tozarta surukin ba, don gobe wannan surukin ne zai yanke ko za a sake kawo wata asibiti. Yaron ya taso a gidan da namiji ke magana, makaranta ta ba shi doka da Turanci, ba a taɓa zaunar da shi ya haɗa biyun ba. Da dare ya yi, tarbiyyar gida ta rinjayi ta aji. Wannan zaman na haɗawa shi nake kira falsafa, ko a ba shi wani suna, ban damu ba.

Zainabu (aji 5): To in da shekararta sha biyar ce fa? Don irin su muke gani kullum.

Likitan Yara: Yauwa. Ki riƙe tambayar nan, ki kawo mini ita a zagayen duba majinyata na Litinin gaban 'yan ajinku. Ba zan amsa a nan ba, so nake ku yi gardama.

Ustaz Mabera: Ni damuwata daban ce. Ku ce ɗa'a, ku ce fiƙihun likitanci, babu mai ja. Amma falsafa? Magabata sun yi gargaɗi a kanta. Imam Gazali littafi guda ya rubuta yana rusa malaman falsafa, har ya kafirta su a mas'ala uku. Yaranmu suna yanka gawa tun suna aji biyu, zukatansu sun riga sun taurara, sannan a kawo musu masu cewa babu rai sai ƙwaƙwalwa? Mun ga waɗanda suka shiga wannan karatu suka fito suna shakkar komai.

Malam na Gidaɗawa: Allah shi ba mu lahiya baki ɗai. Ustaz, tsoronka ba sabo ba na, kuma ban raina shi ba. Amma tunda ka ambaci Gazali, a cika magana. Abin da yar rusa shi na maganarsu kan Ubangiji da dawwamar duniya da tashin jikkuna. Lissahi da manɗiƙi cewa yay yi babu abin musu cikinsu, har ma yay yi gargaɗi cewa jahilin masoyi da ka ƙaryata su da sunan addini ɓarna yaka yi ma addinin. Shi na kuma cikin Ihya'u yac ce likitanci farilla ta ta kifaya, yay yi kukan cewa garuruwa sun cika da masu fatawa babu likita Musulmi.

Wagga gardama ta taɓa zuwa ƙasarmu. Shehu Magili, wanda yaz zauna Kano zamanin Rumfa, sun yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi kan manɗiƙi, Suyuɗi na hanawa, Magili na karewa. Malamanmu na zaure bayan Magili sunka bi, shi ya sa har yau ana karanta Sullamu na Ahdari. Ibnu Rushdi da muka ɗauko Bidayatul Mujtahid nashi muna kahwa hujja, alƙalin Ƙurɗuba na, likita na mai littahin Kulliyyat, kuma shi na babban mai sharhin Arisɗo. Mutum guda, hula ukku. Ibnu Sina ya gama Ƙanun wajen 1025, Turawa sunka yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da shi a jami'o'insu.

Mu dawo gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda yar rasu Wurno 1837, ya yi rubutu kan ciwon ido, kan basir, kan amfani da hilasko wajen wankin ciki, ban da abin da yat tattara na maganin Annabi. Baturen nan Kilafaton da yad dawo Sakkwato karo na biyu ya rubuta cewa ya iske shi zaune da littahin lissahin Iƙlidis na Larabci gabanai. Malam Abdullahi na Gwandu na da Masalihul Insan, kan gyaran addini da jiki tare. Nana Asma'u ta yi nata kan neman waraka 1839. Jikan Shehu ta wajen ɗiyarsa Hadiza, Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, wanda yar rasu 1864, falsafa yak karanta kuma yar rubuta a kanta, ba wanda yak kore shi daga jama'a. Rubuce-rubucen mutanen ga na nan ajiye cikin garin ga, ɗakin tarihi na Waziri Junaidu da ɗakunan karatu na gidaje. Ɗalibi shi yi shekara shidda Sakkwato yana karatun likita, shi hita bai san Bello ya taɓa rubuta harahi guda kan ciwon ido ba, wannan ban ga dalilinai ba.

Ustaz Mabera: Allah ya gafarta Malam, na karɓi tarihin. Sai dai su ɗan Tafa sun sha Alƙur'ani da fiƙihu sun ƙoshi kafin su leƙa can. Namu yaran daga sakandare suke zuwa.

Malam na Gidaɗawa: Wannan gaskiya ta. Shi ya sa wanda za shi karantar ya hi abin karantarwa muhimmanci. Amma ka sani wayar da ka hannunsu ta riga ta kai musu shubuhar, ba su jira manhaja ba.

Malamar Tarihi: Malam ya gama da wancan ɓangaren, ƙari ɗaya kawai: a karanta littattafan Bello don a ga yadda mai mulki ya ɗauki lafiyar jama'a da yadda yake auna abin da ya samu a littattafai, ba don a ɗauko haɗin a ba majinyaci ba tare da gwaji ba. Na faɗi haka ne don na san masu tallar magani a mota da lasifika za su so su ji akasinsa.

Dakta, tsarin da kake karewa shi ma yana da ranar haihuwa. Rahoton Flexner na 1910 ne ya tsaida karatun likita a Amurka kan kimiyyar ɗakin gwaji da farko, asibiti daga baya, kuma ya yi amfani ƙwarai, ya rufe makarantun bogi da yawa. Su da kansu suka ga abin da ya zube a hanya, har makarantar likitanci ta Hershey a jihar Pennsylvania ta buɗe sashen darussa irin su falsafa da tarihi da adabi a 1967. Amma ni ba Amurka ce hujjata ba, Kano ce. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. A tsakani, 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa, Kano ba ta dawo ba sai tsakiyar 2004, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ɗigon maganin bai canza ba. Abin da ya dawo da mutane shi ne sarakuna da malamai da masu unguwanni, da Mai Alfarma Sarkin Musulmi a gaba, har aka kai ga shelar 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Likitan da bai san 1996 ba, idan uba ya rufe masa ƙofa sai ya ce jahilci ne ya wuce. Wanda ya sani zai fahimci cewa mutumin yana da abin tunawa, sai ya nemi ta inda zai shiga.

Likitan Tiyata: Malama, bari in yi amfani da tarihin naki a kanki. Jamus tana da rubutattun ƙa'idojin gwaji a kan ɗan'adam tun 1931, masu tsauri kuwa, ƙasar manyan masana falsafa ce, likitocinta kuma suka yi gwaje-gwajen zalunci a kan fursunoni a zamanin Hitler, abin da ya kai su kotun Nuremberg. Binciken Tuskegee a Amurka, inda aka bar baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar ke tafiya, ya ci gaba har 1972, shekaru bayan an rubuta dokar Nuremberg ta 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964. Karatu bai hana su ba. Abin da ke hana mutum shi ne tsoron Allah da tsoron hukunci. Ɗalibi kuma hali a zagaye yake ɗauka: in ya ga babban likita na daka wa tsohuwa tsawa, shi ma zai daka, ko da ya ci A a ɗa'a.

Malamar Tarihi: Ka ga yanzu da tarihi ka kare kanka, ba da anatomi ba.

Zainabu (aji 5): Malama ta kama Cif!

Likitan Tiyata: Zainabu, akwai jarabawata a gabanki, ki tuna.

Likitan Yara: Maganar zagaye gaskiya ce, kuma ita ta fi ci mini rai, don ta nuna manyan ne ke buƙatar darasin kafin yara. Amma kada a ɗauka zancen duk na ladabi ne. Akwai na tunani. Ku dubi gwajin Widal. A ƙasar da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, gwaji guda ɗaya ba ya tabbatar da taifod, an san haka, yana cikin littafi. Duk da haka kullum ana rubuta wa mutane malariya da taifod, a ɗora musu maganin kashe ƙwayoyin cuta, har ƙwayoyin sun fara gagarar magani. Me ya sa? Don an koya mana sakamako, ba a koya mana tambayar me wannan sakamakon ke iya tabbatarwa, me ba ya iyawa. Wannan manɗiƙi ne tsantsa, irin na Sullamun Malam. Kuma Dakta, shekara nawa magabatanka suka yi suna yanke jijiyar ciki saboda gyambon ciki, kafin Marshall da Warren su nuna ƙwayar cuta ce ke jawo mafi yawansa? Sai da Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 don a saurare shi, Nobel kuma sai 2005.

Likitan Tiyata: Gwaji ne ya gyara wannan, ba zaman falsafa ba.

Likitan Yara: Kafin gwajin sai da wani ya yi shakkar abin da manyansa suka haɗu a kai. Razi, likitan Musulmi na dā, littafi ya yi na shakku kan Jalinus, babban likitan Girkawa. Mu kuwa ɗalibi ya tambayi dalili a zagaye sai a ce ya cika rawar kai.

Ɗan Illela: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, ni ba likita ba ne, albasa nake saye ina kai wa kudu. Mahaifinmu ya yi ciwon hanta, muka kawo shi wani asibiti a birni. Likita ya kira ni da yayana gefe ya ce daji ne, ya ci jiki, sai addu'a. Yayana ya ce kada a gaya wa Baba, likita ya ce to. Baba kullum yana tambaya yaushe za a sallame shi, ana ce masa sauƙi na nan tafe. Mutum ne mai riƙe amanar mutane, kuɗin 'yan kasuwa na hannunsa daga nan har Ƙonni, kuma ba ya rubutu, duk a kansa suke. Ya rasu bai ce komai ba don bai san tafiya ce ba. Har yau muna fama da masu zuwa da da'awa, ba mu san mai gaskiya ba, wasu kuma da muke zaton yana bin su sun yi shiru. Ba na zargin likitan da mugunta, mutumin kirki ne. Amma da ya tambayi Baba ko yana son ya ji, na san amsar da zai bayar.

Malam na Gidaɗawa: Allah shi jiƙan shi, shi kai haske kabarinai. Hadisin wasiyya na cikin Muwaɗɗa: bai kamata Musulmin da ad da abin wasiyya shi kwana biyu ba face wasiyyatai na rubuce. Ɓoye ma mutum abin da za shi sa shi warware haƙƙin mutane ba ƙaramin abu ba na, ko da tausai anka yi shi.

Inna Ungozoma: Amin. Amma Malam, na ga wanda anka hwaɗa ma kai tsaye, yaj juya ma bango, bai ƙara cin abinci ba. Ba kowa ka son ji ba. Akwai yadda aka yi: ka zauna, ba tsaye ba, ka tambaye shi mi yag gani game da jikinai, ka ji inda ya kai. Wani za shi ce likita hwaɗa min gaskiya, wani za shi ce yi magana da ɗana. Kowanne ya ba ka amsa. Wagga ba a koyon ta ga allo.

Likitan Yara: Dokar 2014 ma ta ce a sanar da majinyaci halin da yake ciki, da harshen da yake ji kuma daidai da iliminsa, sai in akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa sanarwar za ta cutar da shi. Wa ke auna hujjar? Likita. Da wane ma'auni, in ba a taɓa ba shi ba? Yawanci abin da muke kira tausayi gudun zaman minti goma mai nauyi ne.

Yaya Dakta (Ingila): Allah ya jiƙan Baba. Ina karanta ku daga nan, bari in ba da gargaɗi. A nan tun 1993 hukumar likitocinsu ta buɗe ƙofa a manhaja don irin waɗannan darussa, kuma akwai amfani, yaransu sun fi mu iya zama da majinyaci. Amma wani ɓangaren ya koma cika fom. Ana sa mu rubuta abin da muka ji a zuciya bayan wani lamari, kowa ya san kalmomin da ake so, sai a zuba su. Na biyu, ƙa'idoji huɗun nan na ɗa'ar likitanci na Beauchamp da Childress na 1979 da ake koyarwa ko'ina, an gina su kan mutum shi kaɗai da likitansa a ɗaki. A Sakkwato wa ke zuwa asibiti shi kaɗai? Wanda ya sayar da tunkiya ya biya kuɗin tiyata yana ganin yana da ta cewa, kuma ba za ka ce masa ba ruwansa ba. Idan za a yi, a rubuta namu da labaran Inna da na ɗan'uwanmu na Illela, kada a kwaso nasu ɗungurungum.

Zainabu (aji 5): Akwai ma misali a gida. An ba mu labarin Farfesa Lambo a darasin taɓin hankali: a 1954 a Aro ta Abeokuta ya sa majinyata suka zauna a gidajen ƙauye tare da danginsu suna zuwa asibiti da rana, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Mu kuwa mun je asibitin taɓin hankali na Kware, kusan duk wanda muka gani ya riga ya biya ta wajen mai ruƙiyya ko mai magani, amma ba mu san yadda za mu yi tambayar ba tare da mutum ya ji kunya ya ɓoye ba. Haka a asibitin yara masu ciwon noma, wanda ke cin naman baki da fuska, uwa ta zo bayan kumatu ya riga ya ɓule, kana tambaya ka ji ta yi yawo wuri uku, kuma kowane wuri da dalilinta.

Abba (aji 4): To na ji, jikina ya yi sanyi. Amma tambayar Cif na nan: me za a rage?

Malamar Tarihi: Sabuwar manhajar da hukumar jami'o'i ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Ƙofa a buɗe take a takarda, sai dai likitanci yana da hukumar likitoci a kansa, ita ma da nata sharuɗɗan.

Likitan Yara: Ni ba sabon kwas nake nema ba, in aka yi kwas ya zama GST na biyu. Awa ɗaya duk mako biyu, daga aji huɗu, a cikin asibiti. A ɗauko lamari guda da ya faru a makon, a ɓoye suna. A zaunar da nas, da malamin fiƙihu, da lauya in an samu, da irin su Malama. Ɗalibi ya faɗi abin da zai yi, ya kare shi, a yi masa tambayoyi har ya ga inda hujjarsa ta ƙare. Daga laccocin da ake karanto wa yara abin da ke cikin littafi kalma da kalma za a ciro awar, suna da yawa.

Likitan Tiyata: Abin da babu maki a kansa ɗalibi ba ya zuwa. Abba, ƙarya nake?

Abba (aji 4): Ranka ya daɗe, gaskiya ba za mu zo ba.

Zainabu (aji 5): In kuma aka sa maki, tambayoyin bara za mu nema mu haddace.

Ustaz Mabera: Sannan malamin fiƙihun wa zai zaɓo shi? Kun san garin nan, in aka ɗauko daga wannan ɓangare wancan zai ce an shigo da aƙida. Ga ɗalibai Kirista a ajin, su ma da nasu.

Malam na Gidaɗawa: Kan hana cuta da cutarwa da tsare rai ban san saɓani tsakanin ɓangarorin ba. Amma ka yi gaskiya, za a yi rigimar kujera kahin a kai ga mas'ala.

Inna Ungozoma: Ku bar wahal da kanku kan maki. Ranar jarrabawa ta asibiti ai majinyaci aka kawo musu. To bayan yaro ya gama turancinai da manyan likitoci, a ce shi juya shi yi ma mai ciwon bayani da Hausa, in Bahillata ta a nemo mai hwasara, sannan a tambaye ta mi tag gane. In ba ta gane ba, ya hwaɗi. Ni da irina muna nan zaune gida, a kira mu mu riƙa ba da makin, ko kuɗin mota ba mu so.

Likitan Tiyata: Inna, ranar da aka ce nas ta kayar da ɗalibin likita a jarabawa, ƙungiyarmu da taku sai sun rufe asibiti.

Abba (aji 4): Inna, in ke ce mai makin, wallahi rabin ajinmu sai sun maimaita shekara.

Inna Ungozoma: Kai za ni hwara kira. Dakta kuma shi biyo bayanka, ban taɓa jin shi yi ma majinyaci bayanin da yaw wuce "za mu duba" ba.